Likitan da ya rasu ya bar ƴan makaranta

  

Hirarmu ta yau tarihi ce. Za mu ba ku labarin wani likita da ya rasu a 2022, da asusun karatu da aka kafa da sunansa. Likitan baƙo ne, mutumin Amurka, asusun kuma yana ƙasar Ruwanda. Amma matsalar da ya yi fama da ita irin tamu ce. Ƙauye yana da marasa lafiya da yawa, likita kuwa yana birni. Ku karanta sannu a hankali. Inda kalma ta yi muku wuya, ku tambayi malamin cibiyarku.

Mene ne asusun karatu na tunawa?

Idan mutumin kirki ya rasu, jama'arsa sukan nemi hanyar da sunansa ba zai ɓace ba. Wani ya sa wa jaririnsa sunan. Wani ya gina rijiya. Gwamnati takan sa sunan a kan makaranta ko asibiti.

Akwai wata hanya da ba mu saba da ita sosai ba. Ita ce a tara kuɗi, a ajiye su da sunan mamacin, a riƙa biya wa ƴaƴan talakawa karatu da su. Kuɗin da ake ba ɗalibi don ya ci, ya kwana, ya sayi littattafai, shi ne ƴan makarantarmu suke kira bursu. Idan an haɗa bursu da sunan wani da ya rasu, shi ne asusun karatu na tunawa.

Kafin mu je ga likitan, bari mu fara daga gida. Sai mun ga tsawon hanyar da ɗan Adar yake bi kafin ya zama likita, sa'an nan za mu gane amfanin irin wannan asusu.

Hanyar da: daga Tawa zuwa Dakar

Turawan Faransa sun shigo Adar a farkon shekarun 1900. A lokacin mulkinsu makarantun boko kaɗan ne ƙwarai. Kwamanda yakan aika wa sarki ya kawo yara, iyaye kuma su ɓoye nasu, don suna tsoron abin da za a koya musu. Da yawa daga cikin waɗanda suka shiga lakkwal, tilas aka yi musu.

A 1918 Faransa ta buɗe makarantar koyon aikin likita a Dakar, ƙasar Senegal. Ita kaɗai ce domin dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa take mulki. Karatun shekara 4 ne. Wanda ya gama ba a ba shi daraja ɗaya da likitan Bature, ana sa shi a ƙarƙashinsa. Ufuwe Bwanyi, wanda daga baya ya zama shugaban Kwaddibuwa na farko, a nan ya gama a 1925.

Yaron da ya fito daga ƙasarmu, sai ya gama ƙaramar lakkwal, ya ci jarrabawa, ya wuce babbar lakkwal, sa'an nan ya tafi Senegal makarantar Wiliyam Ponti. Daga Ponti ne ake raba su, wasu malanta, wasu aikin ofis, kaɗan aikin likita. Jibo Bakari ya bi wannan hanya. A Tawa ya fara lakkwal, ya je Ponti, ya fito malamin makaranta. Irin waɗannan yara ƴan ƙalilan ne. Lokacin da Nijar ta sami mulkin kai, ran 3 ga Agusta 1960, cikin yara 100 da suka isa shiga lakkwal, waɗanda suke ciki ba su kai 5 ba.

Bayan mulkin kai hanya ta fara raguwa. A 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai. A 1973 ta zama jami'a. A 1974 aka buɗe sashen koyon aikin likita a cikinta. Daga nan ɗan Nijar ya iya zama cikakken likita ba tare da ya bar ƙasarsa ba. A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Yau ana koyon aikin likita a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Jami'ar Tawa tana koyar da shari'a, da tattalin arziki, da aikin malanta, da wasu fannoni.

To, kun gani, jami'a ta taso daga Dakar har ta iso ƙofar gidanmu cikin shekara 92. Wannan ci gaba ne babba. Duk da haka likitoci ba su ishe mu ba. A ƙidayar 2012 jahar Tawa tana da mutum fiye da miliyan 3, kuma sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. A ƙasarmu likita ɗaya yana daidai da mutum fiye da dubu 20, kuma da yawansu a Yamai suke aiki. Mutumin arewacin Adar ya san ma'anar wannan. Ya san mace mai naƙuda a kan amalanke, da dare, ana neman hanyar babban gari.

Inda ɗan ƙauye yake faɗuwa

Ku ƙidaya da yatsunku. Ƙaramar lakkwal shekara 6. Kwaleji shekara 4. Lise shekara 3, sa'an nan jarrabawar bak. Karatun likita shekara 7 ko 8. Duka kun ga shekara 20 ke nan, ko fiye. Yaron da ya shiga yana da shekara 7, sai ya kusa 30 zai fito.

Cikin shekarun nan akwai wurare uku da yaron ƙauye yake faɗuwa.

Na fari, lokacin da ya gama ƙaramar lakkwal. Idan babu kwaleji a garinsu, sai an nema masa mai masauki a wani gari. Mai masaukin shi ma yana da bakuna da yawa a gidansa. Yaro ya je aji da yunwa, ya dawo ya yi aikin gida har dare. Yarinya kuwa iyaye sukan ji tsoron barinta a gidan wani, sai su aurar da ita.

Na biyu, lokacin lise. A nan yaro ya zama saurayi. Yana ganin tsaransa sun tafi biɗa Abijan ko Libiya ko Najeriya, sun dawo da babur da kuɗin aure. Shi kuwa har yanzu ubansa yake roƙo kuɗin sabulu. Idan damina ta yi gardama, gida ya rasa hatsi, shi ake fara kira ya bar karatu ya tafi nema.

Na uku, bayan ya ci bak. Daga Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500. Akwai kuɗin mota, da na rajista, da na ɗaki, da na abinci, da na takardu. Gwamnati tana ba da bursu ta hannun hukumar da ake kira ANAB, amma ba kowane ɗalibi yake samu ba, kuma kafin kuɗin farko su fito yaro yana bukatar abin da zai ci. Ɗan ma'aikaci yana da wanda zai riƙe shi. Ɗan manomi sau da yawa ba shi da kowa a birnin.

Ku lura da kyau. A dukan wuraren nan uku, yaron yana da ƙwaƙwalwa, kuma ƙofar makaranta a buɗe take. Abin da ya kayar da shi tuwo ne da wurin kwana da kuɗin mota. Likitan da za mu ba ku labarinsa ya gane wannan, kuma wurin marasa lafiya ya fara gane shi.

Yaron da ya tashi cikin tsohuwar mota

Ana rubuta sunansa Paul Farmer, ana faɗinsa Pol Fama. An haife shi a Amurka a 1959. Kada ku ɗauka kowane mutumin Amurka mai kuɗi ne. Su 6 ne wurin iyayensu. Shekaru da dama ba su da gida irin na kowa. Cikin wata tsohuwar babbar mota suka zauna, daga baya suka koma cikin jirgin ruwa. Uwarsa tana aikin karɓar kuɗi a kanti.

Yaron yana da ƙoƙari. Jami'ar Duke ta ɗauke shi, ta biya masa karatu duka. Watau shi kansa ɗan bursu ne. Da ba a biya masa ba, da wuya duniya ta ji sunansa. Ya gama a 1982.

A 1983 ya tafi ƙasar Hayiti. Hayiti tana kan wani tsibiri kusa da Amurka. Mutanenta baƙaƙe ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Sun kori Faransa sun sami ƴancinsu tun 1804, amma talauci ya yi musu yawa. Farmer ya sauka a wani ƙauye mai suna Kanj. Mutanen Kanj manoma ne da aka gina babban dam a 1956, ruwa ya cinye gonakinsu, suka hau kan tudu maras albarka. Ba su da ruwan sha mai kyau, ba su da asibiti.

A 1984 ya shiga karatun likita a jami'ar Harvard. Ya riƙa kai da kawowa, wata kaɗan a aji, wata kaɗan a Kanj. Shi da wani limamin kirista ɗan Hayiti, Fritz Lafontant, da mutanen wurin suka kafa ƙaramin gidan likita a 1985. A 1987 shi da abokansa suka kafa ƙungiya mai suna Partners In Health, watau Abokan Aikin Lafiya. Ya gama karatunsa a 1990.

Darasin tarin fuka

Tarin fuka yana kashe mutane da yawa a Kanj. Cutar tana da magani, amma sai an sha shi kullum har wata 6 ko fiye. Gidan likitan yana ba da maganin kyauta. Duk da haka wasu suka mutu.

Ma'aikata suka zauna shawara. Wasu suka ce laifin marasa lafiya ne, sun yarda da sammu, suna jin sauƙi kaɗan sai su bar magani. Ma'aikatan ƙauye suka ce ba haka ba ne, yunwa ce. Wanda bai ci ba, magani ba ya zama a cikinsa, kuma ba shi da ƙarfin tafiya karɓo wani.

Sai aka gwada. Aka raba marasa lafiya kashi biyu. Kashi na farko aka ba su magani kyauta kawai. Kashi na biyu aka ba su magani, aka ƙara musu ƴan kuɗin abinci da na mota, aka kuma sa wani maƙwabci da aka koya wa aiki ya riƙa leƙa su a gida. Da lokaci ya cika, na kashi na biyu duka suka warke. Na kashi na farko kuwa wajen rabi ne suka warke. Cikin waɗanda suka warke akwai masu yarda da sammu da yawa. Yardar ba ta hana su shan magani ba, tun da sun sami abin ci da mai kula da su.

Daga nan Farmer ya riƙe wannan hanya har mutuwarsa. Yana kiranta rakiya. Ba ka miƙa wa talaka magani ka juya baya. Sai ka raka shi har ya warke. Da wannan hanya ƙungiyarsa ta yi maganin tarin fuka mai taurin kai a ƙasar Peru tun daga 1996, ta ba talakawan Hayiti maganin sida tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da manyan masana suke cewa ya yi wa talaka tsada. A 2014 ta shiga yaƙi da cutar Ebola a Saliyo da Laberiya.

Ku ajiye wannan darasi a zuciyarku, za mu dawo kansa. Mu kuma tuna muku, a ƙasarmu ma maganin tarin fuka kyauta ne. Wanda ya yi tari fiye da mako 2, ya je a auna majinarsa.

Jami'a a cikin ƙauye

Yanzu mu dawo Afirka, ƙasar Ruwanda. Ƙarama ce, tana gabashin Kwango, duk tuddai ce. A 1994 an yi kisan kiyashi a can. Cikin kwana 100 aka kashe mutum wajen dubu 800, yawancinsu ƴan ƙabilar Tutsi. Likitoci da yawa sun mutu, wasu sun gudu. Asibitoci suka zama kango.

A 2005 gwamnatin Ruwanda ta gayyaci ƙungiyar Farmer ta zo ta taimaka a karkara. A arewacin ƙasar, kusa da iyakar Uganda, akwai gunduma mai suna Burera. Mutanenta sun fi dubu 300, ba su da babban asibiti ko ɗaya. Gwamnati da ƙungiyar suka gina shi a garin Butaro, aka buɗe a 2011 da gado 150. A 2012 aka ƙara masa sashen maganin ciwon daji, watau kansa. Mutane suka riƙa zuwa daga birni suna neman magani a ƙauye.

Gini ya samu, sai tambaya ta taso: su wa za su yi aiki a cikinsa shekaru masu zuwa? Baƙo yakan zo ya koma. Likitan da ya tashi a birni, ya yi karatu a birni, idan aka tura shi ƙauye, kwana kaɗan yana neman a mayar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bincika wannan a ƙasashe da yawa. A 2010 ta fitar da shawara, ta sake ƙarfafa ta a 2021. Shawarar ita ce, ɗalibin da ya tashi a karkara ya fi kowa yarda ya koma aiki a karkara, saboda haka a ɗauki irinsu da yawa, a kuma koya musu aiki kusa da ƙauye.

Shi ya sa a 2015 aka kafa jami'a domin wannan aiki. Ana taƙaita sunanta da haruffa huɗu, UGHE. Ma'anar sunan ita ce jami'ar adalci a kiwon lafiyar duniya. Aka gina ta a Butaro, kusa da asibitin, aka buɗe ginin a farkon 2019. Wata likitar yara ƴar Ruwanda, Agnes Binagwaho, wadda ta yi ministar lafiya daga 2011 zuwa 2016, ita ta shugabance ta a shekarun farko. A 2019 aka ɗauki ɗaliban likita na farko, su 30, kuma mata sun fi maza yawa a cikinsu.

Ɗaliban likitan ba sa biyan kuɗin karatu. Ana ba su ɗaki da abinci. Su kuma suna sa hannu a takarda cewa idan sun gama za su yi shekaru da dama suna aiki wurin talakawa. Ana kiran wannan alkawari Umusanzu, watau gudummawa a harshen Ruwanda. Kun ga darasin tarin fuka ya dawo. Yadda magani kaɗai bai ishi mai yunwa ba, haka kujerar aji kaɗai ba ta ishi ɗan talaka ba. Sai an raka shi.

Rasuwarsa da kafa asusun

A farkon 2022 Farmer yana Butaro. Yana koyar da ɗaliban nan, yana zagaya marasa lafiya tare da su. Ran 21 ga Fabrairu 2022 zuciyarsa ta tsaya yana barci. Shekarunsa 62.

Abokan aikinsa suka yi shawarar abin da za su yi domin tunawa da shi. Suka kafa asusun karatu da sunansa, domin ɗaliban wannan jami'a. A watan Satumba 2022 aka sanar da shi a birnin New York. Abin da aka sa a gaba shi ne a tara miliyan 200 na kuɗin Amurka da ake kira dola. Ku kula, ba dalarmu ta tamma biyar ba ce. Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta yi alkawarin miliyan 50, watau fiye da miliyar 30 na kuɗinmu a canjin lokacin. Nufin masu asusun shi ne a biya wa ɗalibai 3.000 karatu da ɗaki da abinci cikin shekara 25.

Ku dubi yadda abin ya zagayo. An biya wa yaro ɗaya karatu, ɗan gidan da suke kwana a mota. Bayan shekara 40 da ƴan kai, sunansa yana biya wa dubbai.

Suna a bango da suna a kan mutum

Mu ma mun iya girmama manyanmu. A Tawa akwai lise mai sunan Agabba, sarkin Adar na da. Akwai makarantar horon malamai mai sunan Kawusan. Jami'ar Tawa tana ɗauke da sunan Jibo Hamani, malamin tarihi wanda ya wallafa littafi a kan tarihin Adar a 1975. Jami'ar Yamai tun 1992 tana amsa sunan Abdu Mumuni, masanin hasken rana, haifaffen Tasawa, wanda ya rasu a 1991.

A ƙasar Hausa ta Najeriya akwai likitan da aka yi wa irin wannan girma. Shi ne Barau Dikko, mutumin Wusasa kusa da Zariya. An haife shi a 1912, ya rasu a 1977. Ya yi karatu a Birmingham, ƙasar Ingila, kuma shi ne likita na farko daga arewacin Najeriya. Yau akwai babban asibiti a Kaduna mai sunansa, inda ake koyar da ɗaliban likita.

Wannan duka abu ne mai kyau. Yaro ya karanta sunan a bakin ƙofa, ya tambaya wane ne, a ba shi tarihi. Asusun karatu yana ƙara wani abu a kan haka. Kowace shekara yana fitar da mutum mai rai, wanda zai duba mara lafiya, ya karɓi haihuwa, ya koya wa wani. Idan likita ya rasu, abin da garinsa ya rasa hannu ne mai aiki. Asusun yana mayar da hannun.

Abin da mutanen Adar za su iya

Wani zai ce, mu ina muka ga miliyan 50 na dola? Gaskiya ne, ba mu da su. Amma dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Makiyayanmu na arewa sun san habbanaye. Wanda dabbobinsa suka mutu, ɗan'uwa ya ba shi aron karsana. Ta haihu, ya riƙe ƴaƴan, ya mayar da uwar, a ba wani. Asusun karatu haka yake. An ara wa yaro ƙarfi, ya tsaya da ƙafarsa, ya biya da aikinsa, na bayansa ya samu.

Mun kuma san aikin gayya. Bayan farin 1984, mutanen Keita, yawancinsu mata, sun ɗauki duwatsu a ka, sun tare ruwa, sun dasa itatuwa, har fako ya koma gona. Mun san bankin cimaka, mun san adashi. Ƴaƴanmu da suke biɗa a waje suna haɗa kuɗi su gina masallaci ko aji a garinsu.

Mu yi ɗan lissafi, misali ne kawai. A ce gari yana da mutum 200 a waje. Kowa ya ba da jika 1 a wata. Jika 200 ke nan kowane wata. A shekara ya zama jika 2.400, watau miliyan 2 da jika 400. Wannan ya isa a riƙe yara da dama a lise da jami'a, a biya musu mota da ɗaki da abinci. Kuma kowane yanki yana da wanda ya cancanci a tuna shi. Akwai likita, ko malamin asibiti, ko ungozoma, wanda ya yi shekaru yana tashi tsakar dare domin jama'a.

Sai dai irin wannan asusu yana mutuwa da wuri idan ba a tsare shi ba. Ga abubuwan da suke tsare shi.

Na 1. A rubuta dokokinsa a takarda, a karanta a gaban jama'a.

Na 2. A zaɓi yaro bisa ƙoƙarinsa a jarrabawa da rashin ƙarfin gidansu. Kada a duba ɗan wane ne. Ranar da aka ba ɗan mai ƙarfi aka bar ɗan maras ƙarfi, ranar mutane za su daina ba da kuɗinsu.

Na 3. A ba ƴan mata rabonsu. Kun san mata da yawa da suke ɓoye ciwo har ya yi tsanani, don ba sa son namiji ya duba su.

Na 4. Kada kuɗi su zauna hannun mutum ɗaya. A ajiye su a banki ko asusun ajiya, a riƙa fitarwa da sa hannun mutum biyu ko uku. Kowace shekara a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita. A nan ne karatunku zai yi aiki. Wanda ya iya karatu da lissafi, ba a rufe masa ido a littafin kuɗi.

Na 5. Yaro da iyayensa su sa hannu cewa zai dawo ya yi wa yankin aiki shekaru kaza. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Na 6. A raka yaron. A sami wani babba a birnin da yake karatu, wanda zai riƙa leƙa shi, ya san ko ya ci, ko yana da lafiya, ko yana zuwa aji.

Kada mu ɓoye muku wuyar abin. Wani yaro zai faɗi jarrabawa. Wani zai gama ya ƙi dawowa. Wanda ya dawo kuma ba zai zauna ba idan ya tarar babu magani, babu kayan aiki, babu ɗakin kwana, babu albashi. Ɗaukar ma'aikata da biyansu aikin gwamnati ne. Tarbar baƙon ma'aikaci da kyautata masa aikin gari ne. Kuma abin yana son haƙuri, gama wanda kuka fara riƙewa bana a lise, sai bayan shekara 10 za ku ga ya sa farar riga. Wanda ya dasa gawo a gona ya san ba bana zai sha inuwarsa ba.

Tambayoyi domin tattaunawa a cibiya

1. A garinku yara nawa suka ci bak cikin shekara 5 da suka wuce? Nawa ne mata?

2. Cikin waɗanda suka bar makaranta, a wane wuri suka faɗi, kuma mene ne dalili?

3. Me ya sa marasa lafiya na kashi na biyu suka warke duka a Kanj?

4. Wane ma'aikacin lafiya ne da ya rasu mutanen yankinku suke yabo har yau?

5. Idan za ku kafa asusu, su wa za ku amince wa su riƙe littafin kuɗi?

Ku tattauna, ku rubuta amsoshinku da hannunku, ku ba malaminku ya aiko mana. Sai mako mai zuwa. Mu kwana lafiya.